Wendell da Tsohuwar Guguwa

Mijin yayata Darlene, wato Wendell Hostetler, bai taɓa cewa "ban sani ba" ba tun da uwarsa ta haife shi. Injin yankan ciyawa yake sayarwa a garinmu Sheboygan da ke jihar Wisconsin, amma in ka zauna da shi minti biyar sai ka rantse shi ya shimfiɗa titunan ƙasar nan da hannunsa. Ni ce Loretta, ƙanwar matar. Gyaran gashi ne sana'ata, don haka surutun mutane ba baƙona ba ne, amma na Wendell ya fi ƙarfin kunnena.

Suna da 'ya guda, Junie, mai shekara takwas. Shekara uku ke nan yarinyar nan ba ta da zance sai na Tsohuwar Guguwa, wani lilon jirgi da ke hawa gadar katako har can ƙololuwa ya sulalo da mutane suna ihu, a wani filin wasa da ke Florida. Tana 'yar shekara biyar kakarta ta kai ta, mai sandar awo ya ce ba ta kai inci arba'in da takwas ba, ta dawo gida da kuka. Tun daga ranar, duk Lahadi sai ta jingina da ƙyauren kicin uwarta ta ja mata layi da fensir. Madara kuwa ta sha ta har ta fara fita mata a rai. A watan Yuli layin ya taɓa arba'in da takwas cif, amma sai in tana sanye da farin kambas ɗinta mai kaurin ƙasa, da yake da takalmi suke awo. A makon ne kuma aka sanar za a rushe Tsohuwar Guguwa. Lahadin ƙarshen Agusta, ƙarfe shida na yamma, za a rufe layi har abada.

Muna cin abinci a gidansu Darlene ta ce za ta sayi tikitin jirgin sama, awa uku an isa.

Wendell ya ajiye cokali. "Jirgi? A cire maka takalmi, a lalube ka kamar ɓarawo, a cusa ka a kujera gwiwarka na taɓa haɓarka, a ba ka gyaɗa bakwai? Ubana bai taɓa hawa jirgi ba, kuma ba inda bai kai mu ba. Mil dubu da ɗari uku ne fa kawai. Ni a wurina zuwa kanti ne."

"Ubanka ya taɓa kai ku Kanada yana neman Kentucky," in ji Mama. Norma sunanta, shekararta saba'in da huɗu, da batirin zuciya a ƙirji, amma harshenta bai taɓa neman caji ba.

"Wannan gyaran hanya ake yi lokacin."

Darlene ta dafa cikinta na wata shida ta ce ita dai likita ya hana ta zaman mota na awa ashirin, ita da Mama za su bi jirgin safiyar Lahadi. Wendell ya ce madalla, shi zai tashi Asabar da sassafe, kuma ya rantse kafin su gama jiran jakunkunansu yana bakin ƙofar filin wasan yana shan askirim. Aka juya kan Junie, za ta bi wa? Ta kalli uwarta, ta kalli ubanta, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Baba zan bi."

Da muka shiga kicin Darlene ta riƙe mini hannu. "Loretta, don Allah ki bi su. In yarinyar nan ta rasa lilon nan, ban san da wane ido zan kalle ta ba."

"Me na yi miki a rayuwa?" na ce. Amma na bi.

Asabar ƙarfe shida na isa na tarar rabin layinmu sun fito da kofunan kofi, don Wendell ya yi mako yana shela. Tsoho Stan Wojcik na gidan da ke kallon nasu har kujera ya fito da ita. Stan ne ke hawa tsani ya rataya wa Wendell fitilun Kirsimeti duk shekara, saboda a cewar Wendell tsanin zamani ba shi da inganci.

Motar na cikin gareji, tsohuwar bas ɗin iyali mai ruwan ƙasa. Wendell ya ɗaura mata wani ƙaton akwati a sama, ya danƙara kaya har murfin na nishi. Ya fito yana goge hannu.

"Loda mota ilimi ne, Stan. Ba kowa aka ba ba."

"Haka ne," in ji Stan. "A ciki ka loda?"

"A ina zan loda, a kan titi raɓa ta jiƙa?"

"A'a, tambaya kawai na yi."

Muka shiga. Wendell ya ɗaga wa jama'a hannu kamar mai tafiya yaƙi, ya sa giyar baya, ya taka. Ƙarar da ta tashi sai da karnukan layin suka amsa. Akwatin ya daki saman ƙofar gareji, motar ta maƙale, rabi ciki rabi waje, ƙofar ta karkace ta zauna a kanmu.

Stan ya kurɓi kofi. "Lafiya lau kuka sauka? Yaya Florida?"

Awa biyu aka yi. Sai da aka sace iskar tayoyi, maza huɗu suka hau bayan motar don ta yi ƙasa, aka turo ta, aka sake hura tayoyin. Makullin akwatin ya karye. Stan ya ce a ɗaure da igiya mai kyau, yana da ita. Wendell ya ce igiya ta 'yan koyo ce, ya naɗe shi da salatif.

Ba mu wuce Chicago ba wayata ta ce a bi dama, Wendell ya ce hagu. Ta sake cewa a juya, ya ce ƙarya take. Daga nan ya kafa doka: tafiyar iyali ce, ba waya. Ya karɓe tawa, ya haɗa da tasa, ya kulle a aljihun gaban mota, ya jefa makullin a aljihun wandonsa. Ya jawo taswirar ubansa, wadda ta tsufa har ninkinta ya zama ramuka, ya shimfiɗa mini a cinya.

"Ga ilimi nan. Wannan ba ta neman caji."

"Wendell, inda za mu ɓera ya cinye."

"Na haddace wurin."

Muka nausa cikin Illinois, masara hagu masara dama, awa bayan awa. Ba a tsayawa cin abinci, akwai burodi da cuku a kular ƙanƙara. Ba a tsayawa fitsari sai in mai ya ƙare, don a haɗa aiki biyu. Can da la'asar fitilar mai ta kama. Na nuna masa. Ga gidan mai nan a gabanmu, da tutoci da komai.

"Tsadarsu ta yi yawa. Loretta, motar nan na san ta kamar yunwar cikina. In fitilar nan ta kama, saura mil arba'in."

"Ka taɓa gwadawa?"

"Ba sai na gwada ba. Lissafi ne."

A mil na goma sha ɗaya motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Ba gida ba bishiya, sai masara. Na ce ya ba ni wayata. Ya ce namiji ba ya kiran agaji a kan abin da ƙafa za ta yi, ya ɗauki jarka ya kama hanya da makullin a aljihunsa. Ya bi gaba, alhali gidan man yana baya.

Ni da Junie muka zauna a inuwar mota muna korar ƙudaje.

"Anti, za mu isa kuwa?"

Raina ya ɓaci har wuya, amma na ce, "Za mu isa, ko da goya ki zan yi."

Bayan awa biyu da rabi sai ga tarakta na tafe, wata manomiya ƙatuwa na tuƙi, Wendell na tsugune a baya tsakanin buhunan abincin alade, ya rungume jarka. Matar ta tsaya ta dube ni.

"Naki ne wannan?"

"Allah ya kiyaye. Na yayata ne."

"Ki yi mata jaje. Tun da na ɗauko shi yake koya mini tuƙin tarakta."

Ranar dai a wani masauki kusa da Nashville muka kwana, ba can gaba a jihar Georgia da ya yi alkawari ba. Ya ce dama haka ya tsara, bai faɗa ba ne don kada mu saki jiki.

Lahadi ƙarfe shida muka tashi. Ya buga agogon gaban mota da yatsa ya ce awa goma ne, ƙarfe huɗu muna ƙofa, da ragowar awa biyu. Zancen askirim da riga jirgi isa kuwa ya bi ruwa, ban kuma tayar ba, don na ajiye shi sai gaban Mama.

Kafin garin Chattanooga, a jihar Tennessee, akwai wani dutse da hanya ke hawa ta gangaro, rami a gefe. Tun da muka fara hawa bakin Wendell ya mutu. Mutumin da ya yi kwana guda bai haɗiye miyau ba! Na waiga na ga gumi na bin kunnensa, ya ƙanƙame sitiyari, ya kafe ido a kan layin tsakiya, yana tafiya kamar mai rakiyar gawa. Tireloli sun yi layi a bayanmu suna ta oda.

"Wendell, lafiya?"

"Tattalin birki nake."

"A hawa?"

Da muka fara gangara aka zo wata kwana inda ramin ya buɗe gaba ɗaya, Junie ta ce, "Baba, dubi ƙasa, gidaje kamar kwalin ashana!" Tsautsayi ya sa ya duba. Ya danna birki da ƙafa biyu. Wuyana ya yi ƙas. A sama kuma salatif ya ce ga garinku nan, murfin akwati ya wangale, kayan gidan Hostetler suka tashi sama kamar an watsa wa kaji tsaba. Riguna, tawul, katifar iska, fankar tebur da ban san dalilin ɗauko ta ba. Wani gajeren wandonsa mai hoton kifaye ya tafi ya maƙale a madubin tirelar da ke bayanmu. Direban ya wuce mu a hankali, ya sauke gilashi, ya ciro wandon da yatsa biyu.

"Maigida, tutarka ta faɗi!"

Minti arba'in muna tsintar abin da ya faɗo gefen hanya. Ni ina tsinta a karkace, don wuyan ya ƙi juyawa, sai na juyo da jikina gaba ɗaya. Wendell yana tsinta da rarrafe, bayansa na kallon ramin. Junie ce ta tsaya cak da silifas a ƙafarta.

"Baba, ina jakata ja?"

Jakar takalma ke nan. Muka leƙa, ni da ita. Ga ta can ƙasa a kan wata bishiya, inda ko akuya ba za ta je ba.

Yarinyar ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Ta koma mota ta zauna ta haɗa gwiwoyi. Wendell ya ce kada ta damu, awo dabara ce, in ta ja numfashi ta miƙe wuya za ta ƙaru da rabin inci, shi ya san masu sandar nan, da magana ake sayensu. Na ce in ya ƙara kalma ɗaya zan cusa masa taswirar ubansa a baki. Georgia gaba ɗayanta muka ratsa ba mai cewa uffan.

Da muka ga allon filin wasan, agogon mota na cewa biyar saura ashirin. Nan take bakin ya dawo.

"Kun gani? Duk da maƙiya, duk da dutse, ga mu da awa guda da minti ashirin a hannu. Har kanti za mu tsaya a sayi takalmi. Jirgi! Wa ya san ma ko nasu ya tashi?"

Ya tsaya wurin mai karɓar kuɗin fakin, wani dattijo da hular rana, ya tambaye shi kantin takalmi mafi kusa, ya ƙara da cewa ba sauri muke ba, sai shida ake rufe layin Guguwa.

Dattijon ya duba agogonsa. "To ai shida saura kwata."

"Biyar saura kwata."

"Shida."

"Malam, agogon motar nan bai taɓa ƙarya ba."

Dattijon ya leƙa ya ga lambar motarmu, ya yi murmushin wanda ya saba gani. "Wisconsin. Ɗana, tun a kan dutsen Tennessee ka bar awa guda. Nan lokacin gabas muke, agogonmu na gaba da naku da awa ɗaya."

Ashe da wayoyin na waje da mun ga sun gyara agogonsu da kansu. Suna kulle a aljihun mota kamar fursunoni.

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Mota a can ƙarshen fili, Junie a gaba silifas na tas tas tas, ni a tsakiya na riƙe wuya da hannu biyu, Wendell a baya yana haki yana bayanin cewa raba ƙasa gida-gida a kan lokaci shirmen gwamnati ne. A bakin ƙofa muka tarar da Darlene da tikiti a hannu, fuskarta kamar hadari. Mama na zaune a benci da askirim, na uku in ji ta.

"Sannu da zuwa, sarkin hanya. Tun sha biyu muke nan. Har barci na yi."

"Mama, takalmina ya faɗa rami," in ji Junie, sai a lokacin muryarta ta karye.

Darlene ta buɗe jakar hannunta ta ciro farin kambas, ƙafa biyu. "Tsofaffin ne a jaka ja. Shekara goma sha ɗaya nake auren ubanki, kina tsammani zan ba shi wannan?"

Shida saura minti uku muka isa bakin layi. Mai sandar awo, wata budurwa mai kitso, ta tsayar da Junie. Yarinyar ta miƙe, ta rufe ido. Sandar ta sauko ta taɓa gashinta.

"Arba'in da takwas. Kin shiga, 'yar gari." Ta ja sarƙa ta rufe layin a bayanmu, mutane suka yi tafi. "Wa zai hau da ita? 'Yan ƙasa da shekara goma sai da babba."

Ta nuna allo. Ban da mai ciki. Ban da mai ciwon zuciya. Ban da mai ciwon wuya ko baya. Darlene ta dubi cikinta. Mama ta buga ƙirjinta inda batir yake. Ni kuwa na juyo da jikina gaba ɗaya, kamar firji, na fuskanci wanda ya karya mini wuya.

Wendell ya ɗaga kai ya kalli gadar katakon, har hularsa ta faɗi. Jirgin ya wuce ta samanmu, katako na ƙara, mutane na kururuwa.

"Na bar mota a buɗe," ya ce.

"Ba abin da ya rage a ciki sai fanka," na ce.

"Katakon nan ma, ku duba, gara ta ci shi. Ni na san katako. Shi ya sa za su rushe shi."

"Shekara sittin bai kashe kowa ba," in ji mai sanda. "Yallaɓai, jirgin ƙarshe ne."

"Na ci cuku da yawa."

Wani ƙato a layi mai riƙe da ƙafar talotalo ya ce, "Kai, malam, ka hau ko ka ba da hanya!" Wata tsohuwa ta ce ita shekararta tamanin, hawanta na huɗu ke nan yau. Layi ya ɗauki dariya. Mama ta lashi askirim ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ku bar shi. Ko tsani ba ya hawa. Kuna tsammani don gyaɗa bakwai ya ƙi jirgi?"

Wendell ya yi fari fat.

Junie ta kama ɗan yatsansa. "Baba, in ba za ka iya ba, ba komai. Na dai kai awon. Kowa ya gani."

Ta faɗa tana murmushin ƙarfin hali. Na rantse da wuyana na juyawa da na kawar da kai.

Wendell ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya miƙa wa Darlene, ya miƙa mata makullin mota da walat, kamar mai barin wasiyya. "Wa ya ce ba zan iya ba? Kujerar gaba ma za mu zauna."

Kujerar gaban ce kuwa ta rage.

Mu muna ƙasa muna kallo. Jirgin ya fara hawa, ƙat, ƙat, ƙat. Tun bai kai rabi ba muka fara jin wata murya, siririya, kamar ta akuyar da aka taka wa wutsiya. Darlene ta ce, "Wayyo 'yata." Mama ta ce, "Ba 'yarki ba ce." Da jirgin ya sulalo, duk filin nan ba wanda bai ji Wendell Hostetler yana kiran uwarsa ba, matar da ta rasu shekara tara. Ya kira ta, ya kira Yesu, ya kira Stan.

A bakin fita akwai manyan allunan da ke nuna hoton da na'ura ke ɗauka a daidai gangaren, don wanda ke so ya saya. Da yake jirgin ƙarshe ne, sai suka sa hoton kujerar gaba a kan dukkan allunan, suka bar shi. Ga Junie, hannu biyu a sama, baki har kunne. Ga ubanta ya rufe ido, baki a wangale har ana ganin cikon haƙorinsa, ya cusa kai a ƙarƙashin hammatar 'yar shekara takwas ya ƙanƙame ta da hannu biyu. Mutum ya fi ɗari a wurin. Ƙaton mai talotalo dariya ta sa ya zauna a ƙasa.

Wendell ya fito, ya dafa shinge, ya ɗaga kai ya ga kansa sau shida.

"Kare ta nake," ya ce da dasasshiyar murya. "Haka ake riƙe yaro. Ilimi ne."

"Nawa ne hoton?" in ji Mama ga mai kanti. "A'a, ba ɗaya ba. Kuna bugawa a katin Kirsimeti? Ba ni tamanin."

Watan Disamba ba firjin da ba a manna katin nan ba a layinmu. Na manna ɗaya a madubin shagona, mata na zuwa gyaran gashi su tafi da ciwon ciki. Stan ya sa nasa a firam. Da ya zo rataya fitilu, ya jingina tsani ya ce, "Ko za ka hau bana, tunda ka zama gwani?" Wendell ya ce tsanin ne dai har yanzu ba shi da inganci.

Ranar ina kicin ɗinsu ina yi wa Junie kitso, kusa da ƙyauren nan mai layukan fensir. Na ce, "Ke kuwa, me ya kai ki bin mota? Da kin bi uwarki da kin hau Guguwa sau goma."

Ta ɗaga kafaɗa. "Ai na san Baba tsoron sama yake ji, tun da daɗewa. In na bi jirgi shi kaɗai zai tafi, kowa ya gane."

Ta taga muna jiyo shi a waje, ya riƙe wa Stan gindin tsani, yana koya masa yadda ake hawa.